Bodoni (salon haruffan ɗab'i)

Bodoni salon haruffan boko ne da ya samo sunansa daga Giambattista Bodoni (1740–1813), ma'aikacin ɗab'i ɗan Italiya da ya shugabanci maɗaba'ar sarkin Parma tun daga 1768. An fi saninsa da tazara mai yawa tsakanin kaurin sassan harafi: layukan da ke tsaye suna da kauri sosai, na kwance kuma siririn gaske kamar zare. Ƙananan ƙafafun da ke bakin kowane harafi su ma sirara ne, a miƙe suke, kusan babu lanƙwasa inda suka haɗu da jikin harafin.

Bodoni ya yi koyi da aikin John Baskerville, ma'aikacin ɗab'i na birnin Birmingham a Ingila, yayin da iyalin Didot, su ma ma'aikatan ɗab'i, ke bin irin wannan hanya a birnin Paris, musamman Firmin Didot. Daga sunayen Didot da Bodoni aka haɗa "Didone", sunan da masana ke kiran wannan rukuni da shi. Abin da ya ba da damar yanka layuka masu sirantaka haka shi ne ingantuwar takarda mai santsi da tawada mai kyau a ƙarshen ƙarni na 18. A kan takarda mai kaushi da an rasa su. Bayan rasuwar Bodoni, matarsa Margherita ta wallafa babban kundin haruffansa, Manuale Tipografico, a 1818, cikin juzu'i biyu. A Parma akwai gidan tarihi da aka buɗe a 1963 inda ake ajiye da kayan aikinsa.

Kyawun salon yana fitowa ne idan harafi ya yi girma. Shi ya sa ya samu gindin zama a kanun mujallun ado, bangon littattafai, katin gayyata da tambarin kamfanonin turare da sutura. A nan kaurin da sirantakar suna ba rubutu kwarjini, musamman idan an bar masa fili a kewaye.

A ƙaramin rubutu kuwa labari ya sha bamban. Siraran layukan suna dusashewa, masu kaurin su yi ta ɗaukar ido, mai karatu ya gaji tun bai gama shafi ba. Abin ya fi muni a takardar jarida, a allon waya, ko inda aka sa farin rubutu a kan baƙi. Bodoni da kansa yakan yanka haruffan kowane girma daban a jikin ƙarfe, yana ƙara wa ƙananan haruffa kauri. Kamfanin ITC, mai ƙera salon haruffa, ya dawo da wannan dabara a 1994 da nau'in Bodoni uku na girma 6, 12 da 72 a ma'aunin haruffan ɗab'i.

Mai tsara rubutun Hausa ya fara duba ko nau'in da ke kwamfutarsa yana da ƙ, ɗ da ɓ, domin ba kowanne ke ɗauke da su ba, kuma harafin aro daga wani salo yakan fito fili a babban kanu.