Zafin garwashi ba ya kulle ruwan nama

Da yawa daga cikin masu gasa nama sun yarda cewa idan aka fara ɗora nama a kan garwashi mai tsananin zafi, bayansa zai rufe ya hana ruwan cikinsa fita. Masanin sinadarai na Jamus, Justus von Liebig, ya yaɗa wannan ra'ayi a 1847, amma ba gaskiya ba ne. Ƙarar da ake ji a kan wayar gashi, ruwan naman ne ke fita yana zama tururi. Wuta mai ƙarfi ƙamshi da ɗanɗano take bayarwa. Daɗewa a wuta ke busar da nama, saboda haka da zarar bayansa ya yi ja, a matsar da shi gefen da zafi bai yi yawa ba ya ƙarasa nuna.