Sharuɗɗan Da Agogon Aljihu Zai Cika Kafin Ya Hau Jirgin Ƙasa A Amurka

A ƙarshen ƙarni na 19, yawancin layukan dogo na Amurka hanya ɗaya ce tal, mai zuwa da mai dawowa duk a kanta suke bi. Jadawali ne ke hana su karo: ƙarfe kaza jirgi kaza ya ratse gefe a tasha kaza, ya jira ɗan'uwansa ya wuce. Ke nan ran fasinja yana rataye ne a kan agogon da ke aljihun direba da na kwandasta.

A watan Afrilun 1891 jirage biyu na kamfanin Lake Shore and Michigan Southern suka yi taho-mu-gama a Kipton, jihar Ohio, aka rasa rayuka, yawancinsu ma'aikatan gidan waya masu rarraba wasiƙu a cikin tarago. Labarin da ya bazu shi ne agogon wani ma'aikaci ya tsaya na minti 4 sannan ya ci gaba da tafiya, mai shi bai ankara ba. Kamfanin ya ɗauko Webb C. Ball, wani mai sayar da agogo a Cleveland, ya ɗora shi a kan aikin duba lokaci. Tsarin da ya shimfiɗa ne wasu kamfanoni da dama suka kwaikwaya.

Wannan ba dokar gwamnati ba ce. A wancan zamani kowane kamfanin jirgi shi ke fitar da ƙa'idarsa da jerin agogunan da ya yarda da su, jerin kuma yana sauyawa da shekaru. Sai dai daga wajen 1893 sharuɗɗan suka kusa zama bai ɗaya.

Babban sharaɗi shi ne kada agogo ya yi gaba ko baya da fiye da sakan 30 a mako. Don a cimma haka, ana saita shi a kwanciya aƙalla iri 5: fuska sama, fuska ƙasa, a tsaye, da kan gefe biyu, domin agogon da ke aljihun mutum mai sunkuyawa da miƙewa ba ya zama wuri ɗaya. Dole kuma ya jure sanyi da zafi, daga kusan digiri 1 zuwa 38 a ma'aunin Salshiyos. A cikinsa a sami aƙalla duwatsu 17 irin na yakutu. Ba don ado ba ne. A kansu ƙafafun injin ke juyawa, kada ƙarfe ya ci ƙarfe. Daga baya masu 21 suka fi yawa. Girmansa lamba 16 ko 18, wato faɗin injin milimita 43 zuwa 45.

Fuskarsa fara, lambobi baƙaƙe manya, ba na Romawa ba, kuma babu murfi. Direba cikin duhu da hayaƙin gawayi ba shi da sararin buɗe murfi yana ƙura ido. Abin wanawa ya zauna daidai kan 12, kada a karkata agogo a karanta 3 a matsayin 12.

A ganina sharaɗin da ya fi nuna hikima shi ne na gyaran lokaci. Agogon gama-gari, da ka ja kan abin wanawa sai hannayensa su motsa, har aljihu ma kan iya ja maka. Na jirgi kuwa, sai ka kwance zoben da ke riƙe gilashin fuskar gaba ɗaya, ka sa farce ka zaro wani ɗan siririn ƙarfe da ke maƙale a gefe, sannan hannaye su yarda su juya. Da gangan aka wahalar da abin. Ma'aikaci ma ba a so ya taɓa. Aikin mai duba agogo ne.

Shi mai dubawar yawanci mai gyaran agogo ne na gari da kamfani ya amince da shi. A lokacin, ma'aikaci kan kai masa agogo a kai a kai, a wurare da yawa duk mako biyu, a gwada shi da lokacin da ake aikowa ta wayar tangaraho, a rubuta sakan nawa ya kauce a katin da ma'aikacin ke yawo da shi. In ya shiga gyara, a ba shi na aro mai irin wannan daraja. Kuɗin sayen agogon kuwa daga aljihun ma'aikaci yake fita, sau da yawa ana cira a albashi kaɗan-kaɗan.

Mai sha'awar tsofaffin agoguna ya lura: hoton jirgi a bayan agogo ba ya tabbatar da komai, domin an zana shi a kan na araha da yawa don jan ciniki. Injin ake dubawa da sunan samfurinsa, irin su Hamilton 992, da Bunn Special na kamfanin Illinois, da Vanguard na Waltham, da B.W. Raymond na Elgin, sannan a duba ko samfurin yana cikin jerin kamfanin jirgin a shekarar da aka ƙera shi.