Waiwaye: Asalin muhawarar shafin zaren kabon

Ana ta ja-in-ja a 'yan shekarun nan kan shafin da ake yi wa zaren kabon, wato zare mai ƙarfi marar nauyi da ake shimfiɗawa a haɗa da ƙaro ko roba don ƙera kaya irin su sassan jirgin sama. Wasu na cewa a bar shafin da ake damawa da sinadarai masu tururi, a koma ga shafi mai ruwa kacokan saboda lafiyar ma'aikata da tsabtar iska, wasu kuma na zarginsa da hana zaren kama roba. Mai sauraro sai ya ɗauka jiya aka fara, alhali maganar ta haura shekara 50.

Farkon labarin ƙirƙiro zaren sananne ne: aikin Roger Bacon a Amurka a 1958, na Akio Shindo a Osaka ta Japan, sai na masu bincike a Farnborough ta Ingila a 1963.

Abin da ba a cika tunawa ba ya faru ne a ƙarshen shekarun 1960. Zaren ya fito da ƙarfi na ban mamaki, amma fuskarsa sumul take, ba ta riƙe ƙaro. Da an matsa wa kayan da aka ƙera, sai shimfiɗunsu su rabu. Aka samo mafita mai hawa biyu: a ratsa zaren ta cikin ruwan sinadari mai lantarki don oksijin ya manne a fuskarsa, sannan a shafa masa wani ɗan siririn rufi, kamar yadda masaƙa ke sa wa zare sitaci kada ya tsinke. Rufin nan bai cika wuce kashi 1 zuwa 2 cikin ɗari na nauyin zaren ba. Da yake ƙaron ifoksi (wani ƙaron sinadari mai daskarewa ya yi tauri) ne masu ƙera jiragen sama suka dogara da shi, sai aka yi shafin da ifoksi. A ganina nan aka ɗaura auren zaren da ifoksi, wanda har yau ya ƙi mutuwa.

Da Amurka a 1990 da Tarayyar Turai a 1999 suka tsaurara dokokin tururin sinadarai, shafi mai ruwa ya ƙara samun karɓuwa. Sai dai ifoksi ba ya gauraya da ruwa sai da sinadari mai kama da sabulu, wanda ke saura a jikin zaren yana jawo danshi. Wannan koke gaskiya ne, ban musa ba.

Amma babbar matsalar tana ga tsohon auren. Robar PEEK, wadda ake iya narkarwa a sake ƙerawa, sai zafi ya kai wajen digiri 380 a ma'aunin Salshiyas ake sarrafa ta, kuma shafin ifoksi ya riga ya lalace kafin nan, ko da ruwa aka dama shi ko da asiton, wani sinadarin narkarwa mai tururi. Zaren da aka ƙwato daga tsofaffin kaya ta hanyar gashi kuwa fitowa yake tsirara, ba shafi ko kaɗan a jikinsa.