Waiwaye: Yadda baiko ya sauya hanya a majami'unmu na Legas

Tun watan Disambar 2024, da mutum goma suka rasu a turmutsitsin rabon abinci a harabar wata coci a Abuja, maganar ta ƙi kwanciya a tsakaninmu Kiristoci 'yan Arewa mazauna Legas. Daga Agege har Idi-Araba, in an tashi sujada tambayar ɗaya ce: ina baikon kowace Lahadi yake shiga, da sai Kirsimeti ta zo talaka yake ganin shinkafa? Wasu na cewa tsadar rayuwar 'yan shekarun nan ce. Ni a ganina abin ya girmi haka nesa ba kusa ba.

Farkon labarin sananne ne. An buɗe makarantar sakandare ta CMS, ƙungiyar mishan ta cocin Anglican, a Legas a 1859, a nan kuma mishan na farko na ƙungiyar SIM (Sudan Interior Mission) suka sauka a 1893 kan hanyarsu ta zuwa Arewa. Littafi Mai Tsarki ya fito da Hausa a 1932. Wa'azi ya zo ne tare da aji da ɗakin shan magani.

Inda ba a cika tsayawa ba shi ne 1986. Kafin nan naira tana kafaɗa da kafaɗa da dala. Shekarar ba ta ƙare ba sai da dala ta haura naira uku, masana'antun Ikeja da Apapa suka shiga sallamar ma'aikata, har da masu gadi da direbobi 'yan uwanmu. Yunwa ta shigo gidajen da ba su san ta ba.

Ina yaro a lokacin, a Agege. Na tuna mahaifiyata, duk ranar taron Zumuntar Mata, takan auni gwangwani ɗaya daga shinkafarmu ta ƙulle a bakin zani. In na yi ƙorafi ta ce, "Ɗana, ajiya nake yi inda asu ba ya ci." Matan su haɗa, su kai wa gwauraye da marayu da dare, don kada maƙwabta su gani. Fastonmu ba ya wata guda bai karanta Matiyu 25 ba, inda za a ware tumaki da awaki bisa wanda ya ciyar da mayunwaci, ya ziyarci mara lafiya da ɗan kurkuku. Tsoron ranar shari'a ne yake buɗe hannun mutane.

Da wahala ta tsananta, kunnuwanmu suka fi son wani wa'azin: shuka iri yau, ka girbi mota da gida kafin shekara ta zagayo. Ba na ganin laifin wanda ya rasa aiki don ya so jin haka, ciwon yunwa ba wasa ba ne. Amma mu da kanmu muka riƙa cika wuraren da ake faɗin hakan, muna barin benci wayam a inda ake tuna mana da Li'azaru matalauci a ƙofar mai arziki. Sannu a hankali kyauta ta zama jari. Wanda ke jiran riba a nan duniya kuwa bagade zai nufa da ambulan, gwauruwa ba ta da abin biyansa.

Makon jiya na raka wata dattijuwa daga cikin matan nan zuwa kasuwar Mile 12. Ta sayi gwangwani biyu na wake, ta sa mai awo ya ƙulle mata ɗaya a leda daban.