Waiwaye: Jemagen Legas, jaɓar Ibadan da allurar Vom

Idan kare ya ciji yaro a Jos aka yi zargin mahaukaci ne, masu sani kan ce a yanke kan karen a kai Vom. Can Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa, wadda ke wurin tun 1924, za a duba ƙwaƙwalwar a gane ko akwai ƙwayar cutar haukan kare. A Vom ɗin ne kuma ake sarrafa allurar rigakafin karnuka tun cikin shekarun 1950. Wannan kowa ya sani. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne Najeriya ce ta sa masanan duniya suka sake lissafi kan cutar baki ɗaya.

Tun ranar 6 ga Yuli 1885 da Louis Pasteur ya yi wa yaro Joseph Meister allura a Faransa ya tsira, an ɗauka ƙwayar guda ce tal, ba ta da dangi. A haka aka zauna shekara tamanin da ɗoriya.

A 1956 wasu masu bincike biyu, Boulger da Porterfield, suka ciro wata baƙuwar ƙwaya daga ƙwaƙwalwar jemagu masu cin 'ya'yan itace a tsibirin Legas, irin dai waɗanda ke cika itatuwan gidan zoo na Jos su tashi da almuru. Ba wanda ya san ina za a sa ta, sai aka raɗa mata sunan jemagen Legas aka ajiye. A 1968 kuma ɗakin binciken Jami'ar Ibadan ya samo wata a jikin jaɓa, a unguwar Mokola, aka raɗa mata sunan unguwar. Jaɓar nan da ake kora daga ɗaki saboda wari, ashe tana ɗauke da abin da zai shiga littattafan likitanci.

Wanda ya haɗa zaren shi ne Robert Shope, Ba'amurke a Jami'ar Yale. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe: mahaifinsa, Richard Shope, shi ya gano ƙwayar murar aladu. Aikin ɗan ba mai ƙyalli ba ne. Tara ƙwayoyin cuta yake yi daga ko'ina a duniya, yana gwada su da juna don ya ga wa ke da alaƙa da wa. A 1970 shi da abokan aikinsa, har da Graham Kemp na ɗakin binciken Ibadan da kuma Frederick Murphy, suka nuna cewa ƙwayoyin nan biyu 'yan'uwan ƙwayar haukan kare ne. Gwajin jini ya nuna, madubin lantarki mai girmama ƙananan halittu ma ya nuna su da siffar harsashi iri ɗaya. A shekarar ce kuma wani mutum ya mutu a Afirka ta Kudu bayan cizon jemage, aka sami ta uku, Duvenhage. Yau dangin, da ake kira lisabairos, sun haura goma sha biyar, kuma akasarinsu a jikin jemagu suke. Shope ya rasu a 2004.

Me ya dami mai kare a Bukuru da wannan? Allurar da ake da ita an gina ta ne kan asalin ƙwayar, kuma ba ta tare Mokola da ta jemagen Legas yadda ya kamata. An sami kyanwowin da aka yi wa rigakafi a Afirka ta Kudu suka kamu da Mokola. Har yau ba a tabbatar da dabbar da ke ɓoye ta a daji ba.

Sai dai kada jemage ya ɗauke mana hankali. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum 59,000 ke mutuwa duk shekara, kusan duka a Afirka da Asiya, kuma kashi 99 cikin 100 kare ne sanadi. Kusan huɗu cikin goma yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Filato kuwa tana da kasuwar karnuka ta Dawaki a Ƙaramar Hukumar Kanke, inda ake kawo su daga jihohin Arewa da ma ƙetare, kuma masu bincike sun sha samun alamar ƙwayar a ƙwaƙwalwar karnukan yanka da ake gani lafiya lau. Mahauci mai ƙujewa a hannu yana cikin haɗari bai sani ba.

A ganina a nan muka gaza. An san idan aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan yanki allura cutar takan yanke. An san wanke cizo da sabulu da ruwa na minti 15, sannan a garzaya asibiti, yana ceton rai, domin da zarar majinyaci ya fara tsoron ruwa, alamar cutar ta bayyana ke nan, sai addu'a. Duniya ta sa 2030 a matsayin shekarar da cizon kare zai daina kashe mutum. Vom na nan, tafiyar ƙasa da awa ɗaya daga tsakiyar Jos, amma karen farauta da na gadi a unguwanninmu da yawa ba su taɓa ganin sirinji ba.