Waiwaye: Wa'azin 1844 da ya raba 'yan Mormon da sauran coci-coci

Duk sa'ad da sunan Mormon ya shiga labarai a Amurka, tsohuwar tambayar nan sai ta taso: shin Kiristoci ne? An tafka wannan muhawara a 2012, lokacin da Mitt Romney, ɗan cocin, ya nemi shugabancin ƙasar, kuma har yau ba ta mutu ba a Facebook. Su kam 'yan Mormon abin yana ƙona musu rai. Sunan cocinsu na ainihi yana ɗauke da sunan Yesu Almasihu, shi ne ma rubuce da manyan baƙaƙe a baƙar alamar da matasan mishan ɗinsu ke maƙalawa a aljihun farar riga, a jihar Yuta ta Amurka ko a Aba ta jihar Abiya, inda aka buɗe musu haikali a 2005.

Farkon labarin sananne ne. Joseph Smith ya buga Littafin Mormon a 1830, ya kafa cocin a jihar New York a shekarar, mabiyansa suka yi ta hijira har Nauvoo ta jihar Illinois. An kashe shi a 1844, magajinsa Brigham Young ya ja jama'a zuwa Salt Lake da ke Yuta ta yau a 1847. Auren mata da yawa, wanda galibi ake zaton shi ne tushen rigimar, cocin ya sanar da daina shi tun 1890. Da a ce shi ne matsalar, ai da tuni an sasanta.

A ganina jijiyar maganar tana cikin wani wa'azi guda da ba a cika ambata ba. A watan Maris na 1844 wani dattijo mai suna King Follett yana cikin rijiya yana ɗaure bangonta, sai bokitin duwatsu ya faɗo masa, ya yi ajalinsa. Ranar 7 ga Afrilu, a babban taron cocin a Nauvoo, Smith ya miƙe gaban dubban mutane domin ta'aziyya. Mutum huɗu suka riƙa rubuta abin da yake faɗa, shi ya sa kalaman ba su ɓace ba.

Don ya sanyaya zuciyar iyalan mamacin, sai ya koma kan ko wane ne Allah. Ya ce Allah Uba ya taɓa zama mutum kamarmu a wata duniya kafin ya kai ɗaukakarsa, kuma ɗan Adam ma zai iya hawa mataki-mataki har ya kai wannan matsayi. Ya ƙara da cewa ba daga babu aka halicci duniya ba, tsara abin da ke nan tun azal aka yi, kuma ainihin ruhin mutum ba shi da farko. Ga matar da ta binne mijinta wata guda da ya wuce, wannan magana ce mai ratsa zuciya, kuma ban ɗauke ta da wasa ba. Sai dai ga wanda ya tashi kan aƙidar da aka tsayar a taron manyan malaman Kirista na Nikiya a shekara ta 325, wato Uba da Ɗa ainihinsu ɗaya ne, ga Mahalicci can ga halitta nan, wannan ya wuce saɓanin ɗarika.

Abin lura shi ne Littafin Mormon na 1830 bai zo da wannan koyarwa ba. Shaidar da mutum uku suka bayar kan gaskiyar littafin, wadda ke cikinsa, ta rufe ne da ambaton Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki a matsayin Allah ɗaya. A cikin shekara 14 tunanin ya yi nisa, kuma tun a lokacin wasu na cikin gida suka ja da baya: jaridar da suka fitar a Nauvoo a watan Yunin 1844 ta lissafa koyarwar alloli da yawa cikin ƙorafinta. Ƙarshen watan aka kashe Smith a kurkukun Carthage, wata uku bai cika ba da wa'azin, bai samu damar yi masa dogon sharhi ba. Cocin bai taɓa shigar da shi cikin nassosinsa ba, bai kuma yi watsi da shi ba, aka bar magada da aikin fassara.

Cocin ya yi ta matsowa kusa. A 1982 ya ƙara wa Littafin Mormon laƙabin wani alkawari na Yesu Almasihu, a 2018 kuma shugabansa na lokacin, Russell Nelson, ya nemi a daina kiran su Mormon. Amma da Fadar Vatican ta yanke a 2001 cewa baftismarsu ba ta inganta a wurin Katolika ba, hujjar da aka bayar ita ce kalmomin iri ɗaya ne, Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki, ma'anar ce ta sha bamban. Su ma 'yan Mormon ba sa karɓar baftismar kowa, duk wanda ya shigo cikinsu sai an sake yi masa.