Idan aka zargi nas da sakaci, wa ke da ikon taɓa lasisinta?

Wace hukuma ce ke hukunta ma'aikatan jinya?

Majalisar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ta Najeriya, wato NMCN, mai hedikwata a Abuja. Dokar 1979 ce ta kafa ta. Ita ke yi wa nas da ungozoma rajista, ita ke ba su lasisin da ake sabuntawa duk shekara 3, kuma a ƙarƙashin dokarta ne ake da kotun ladabtarwa ta musamman.

Ashe shugaban asibiti ba zai iya soke lasisi ba?

Ba zai iya ba, kuma a nan ne mutane da yawa a Kano ke ruɗewa. Asibiti, ko Hukumar Kula da Asibitoci ta Jiha, na iya ba nas takardar tuhuma, ta dakatar da ita, har ta kore ta. Amma wadda aka kora yau tana iya samun aiki gobe a wani asibitin kuɗi, lasisinta na cikin jaka. Shi ya sa nake roƙon 'yan uwan majiyyaci: in abin ya kai ga rasa rai ko nakasa, kada koke ya tsaya a ofishin metiron, wato shugabar ma'aikatan jinya ta asibitin. A rubuta wa majalisar. A sa rana, a sa lokaci, a faɗi ɗakin da aka kwantar da mara lafiya, a adana katin asibiti da rasit ɗin magani. Surutu a bakin ƙofa ba ya zama shaida.

Wane hukunci ake yankewa?

Gargaɗi, dakatarwa na wani lokaci, ko cire suna daga rajista gaba ɗaya.

Ita wadda ake zargin fa?

Tana da haƙƙin a saurare ta, ta zo da lauya, ta kuma ɗaukaka ƙara a kotu. Wannan yana da muhimmanci a wajena. Na ga nas ɗaya tilo tana aikin dare a ɗaki cike da gadaje, tana sa ƙarin ruwa da fitilar waya. Abin da zai kare irinta shi ne abin da ta rubuta a fayil: ƙarfe nawa ta yi allurar, ƙarfe nawa ta kira likita.

In kuma mai farin kayan ba ta da rajista?

To babu lasisin da za a soke, domin tun asali sojan gona ce, kuma laifi ne a doka. In asibitin kuɗi ne a Kano, a kai ƙara hukumar PHIMA mai sa ido kan asibitoci masu zaman kansu, a kuma sanar da 'yan sanda.